Muguwar Manhaja Mai Ɓoye Kanta

Muguwar manhaja mai ɓoye kanta ita ce wadda aka ƙera don ta gagari masu bincike, wato masanan da ke farke manhaja su karanta cikinta, su gano abin da take yi da inda take kai abin da ta sata.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Brain, wadda wasu 'yan'uwa biyu suka rubuta a Lahore ta Pakistan a 1986, idan aka leƙa inda ta maƙale a faifai sai ta nuna abin da ke wurin tun asali. Cascade ta 1987 ta kulle jikinta da rubutun sirri. A 1990 Mark Washburn ya fito da 1260, mai sauya kamanni duk sa'ad da ta hayayyafa.

Masu bincike suka koma sakin irin wannan manhaja cikin kwamfutar gwaji suna kallon take-takenta. Sai ita ma ta koyi shinshina: da ta ji alamar ana kallo sai ta yi lamo. Gauss, da kamfanin Kaspersky ya bankaɗo a 2012, ta fi kowace wayo, domin mabuɗin wani sashenta yana cikin tsarin kwamfutar da aka nufa ita kaɗai. Dole kamfanin ya nemi taimakon masanan duniya a fili.

Abin ya iso Afirka ta Yamma. A Nuwamban 2022 kamfanin Group-IB ya ce gungun OPERA1ER ya sace aƙalla dala miliyan 11 tsakanin 2018 da 2022 daga bankuna da kamfanonin sadarwa, har da na Benin da Nijar da Najeriya. Irin wannan na iya shafar ɗan kasuwar Malanville ta Benin, wanda kuɗin hatsinsa da albasarsa ke bi ta banki da waya tsakaninsa da Gaya ta Nijar da Kwatano. Abin takaici, ɓarayin ba su ƙera komai ba, kayan da ke yawo a intanet suka ɗauko. A Janairun 2023 kamfanin Symantec ya ce ya ga GuLoader a hare-haren da ya danganta da su, manhajar da ke fara duba ko a kwamfutar gwaji take kafin ta sauke kayanta. A shekarar ne kuma Interpol ta sanar da kama wani da ake zargin jigonsu ne a Kwaddibuwa.