Tarakta ko garmar shanu: tarihin gardamar masu rubuta manhaja

Wanda ya taso a ƙasar Maska ya san wannan lissafi: ko ka yi hayar tarakta ta gama maka huɗa a yini guda, ko ka riƙe garmar shanunka da fartanya, kowace da aikinta. Masu rubuta manhaja ma sun fi shekara 50 suna irin wannan gardama.

Ɓangare ɗaya ya faro ne a Bell Labs da ke Amurka, inda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara Unix a 1969. Aƙidar gidan ita ce kowace 'yar manhaja ta yi aiki ɗaya ta ƙware a kai, sai a jona ta da wata. Wannan tunani ne ke bayan ƙananan laburare na yau: ka ɗauko wanda kake buƙata, ka haɗa da hannunka.

Da intanet ta bunƙasa, sai haɗe-haɗen ya fara gajiyar da mutane. A 2004 David Heinemeier Hansson ya saki Ruby on Rails, a 2005 kuma Django ya fito daga ofishin wata jarida a garin Lawrence na jihar Kansas, inda ba a jiran kowa in lokacin buga labari ya yi. Irin waɗannan su ne firemwok, komai-da-ruwanka: hanyar magana da rumbun bayanai, rajistar masu shiga, har shafin gudanarwa a Django, duk a ƙunshe. Sharaɗin dai ka bi tsarinsu. Masu son 'yanci suka mayar da martani da Flask a 2010, wanda abin dariya, da wasan ranar 1 ga Afrilu ya fara.

Shekarar 2016 ta ba kowa kunya. A watan Maris wani ya janye left-pad daga rumbun npm, layi 11 kacal, sai ga dubban ayyuka sun ƙi haɗuwa saboda sun jingina da shi ba su ma sani ba. A Satumba kuma Google ya fitar da Angular 2, wanda bai jitu da AngularJS na 2010 ba. Waɗanda suka gina komai a kan tsohon sai da suka sake rubutu kusan daga tushe.

To, a ce dillalin masara a Funtua ya ba ka aikin manhajar lissafin buhuna da bashi. Ni dai Django zan ɗauka, don ranar da ka tafi bautar ƙasa, wanda ya gaje ka zai tarar da tsarin da aka sani, da littafinsa a rubuce. Amma shafin da manomi zai buɗe a ƙaramar waya daga ƙauyen Malumfashi, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, nan kam kowane kilobait daga kuɗin datarsa yake fita, kuma ba zan loda masa abin da shafin ba ya amfani da shi ba.