Remoteproc

Remoteproc wani sashe ne na zuciyar manhajar Linux da ke bai wa babban masarrafin na'ura damar loda manhaja a kan wani ƙaramin masarrafi, da kunna shi, da kashe shi, da kuma sanin na'urorin da yake gabatarwa. Ana kiran ƙaramin da masarrafi na nesa, ko da yake galibi a kan guntun lantarki ɗaya suke zaune. Nisan da ake nufi shi ne kowannensu da tasa manhajar: babban yana gudanar da Linux, ƙaramin kuma yana gudanar da wata 'yar manhaja mai amsa umarni a kan lokaci, ko ma shiri guda tak.

Ana samun wannan tsari a wayoyin hannu, motoci da injinan masana'antu. Guntun STM32MP1 na kamfanin STMicroelectronics, wanda ya fito a 2019, ya haɗa Cortex-A7 da Cortex-M4. Allon BeagleBone Black kuma yana da ƙananan masarrafai biyu da ake kira PRU.

Tarihi

Ohad Ben-Cohen ne ya rubuta remoteproc da takwaransa RPMsg, bisa aikin da ya shafi guntun OMAP4 na kamfanin Texas Instruments. An shigar da su cikin Linux 3.4 a shekarar 2012. Kafin nan kowane kamfani da tasa hanyar, kuma wadda aka rubuta domin wani guntu ba ta aiki a kan wani.

Jadawalin buƙatu

Linux ba ta da hanyar leƙa cikin ƙaramin masarrafi ta ga abin da yake da shi, sai abin da aka gaya mata. Saboda haka ake saka wani jadawali a cikin fayil ɗin manhajar ƙaramin, a sashen da ake kira .resource_table. Kafin a kunna shi, Linux tana karanta jadawalin layi bayan layi. Wani layin yana neman a ware masa wani yanki na ma'adanar bayanai, wani yana nuna inda zai riƙa rubuta rahoton aikinsa, wani kuma yana bayyana na'urar da yake gabatarwa. Wannan na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci, domin da shi Linux ke ƙirƙirar na'ura ta tsarin virtio. Asali an tsara virtio ne domin kwamfutocin da ake kwaikwaya a cikin wata kwamfuta, sai aka ga ya dace da nan, tun da a duka biyun ɓangarori biyu ne ke musayar bayanai ta ma'adana guda.

RPMsg

Na'urar da aka fi gabatarwa ita ce RPMsg, hanyar aika saƙo tsakanin masarrafan biyu. Tana amfani da layukan jira biyu a ma'adanar da suke tarayya a kai, ɗaya na aikawa ɗaya na karɓa. A yadda aka saba, kowane saƙo ba ya wuce bayit 512, kuma 16 daga ciki na bayanin adireshi ne, saura 496 na ainihin saƙon. Idan ɗaya ya ajiye saƙo, sai ya taɓa ɗayan ta wata na'ura da ake kira akwatin saƙo.

Da zarar ƙaramin masarrafi ya tashi, yana aika sanarwa zuwa adireshi na 53 ɗauke da sunan hidimar da yake bayarwa. Linux sai ta duba ko akwai direban da ya amsa wannan suna, ta haɗa su. A ɓangaren ƙaramin masarrafi, da yawa suna amfani da manhajar OpenAMP wajen yin wannan aiki.

Bishiyar na'urori

Allunan ARM da yawa ba su da hanyar gano na'urorinsu da kansu, don haka ake rubuta su a fayil da ake kira bishiyar na'urori. A nan ake bayyana shi kansa ƙaramin masarrafin, da yankin ma'adanar da aka keɓe masa, da akwatin saƙonsa.

Wahalar tana zuwa ne idan ƙaramin ne ke riƙe da wani abu na zahiri, kamar ƙafafun shigar da fitar da sigina ko layin I2C, alhali wata na'ura a ɓangaren Linux tana buƙatarsa. Sanarwar suna ba ta wadatar ba, domin tana zuwa ne bayan an kunna, kuma ba ta faɗin wace ƙafa ce ke haɗe da wane maɓalli. Rubuta shi a bishiyar ma yana da nasa cikas: ƙa'idar masu kula da ita ita ce a bayyana kayan da ke kan allo, ba manhaja ba, ga shi kuma abin da ƙaramin masarrafi ke gabatarwa yana iya sauyawa idan aka sauya masa manhaja. Ga agogo da wutar lantarki, kamfanin Arm ya fitar da ƙa'idar SCMI, wadda ke da gurbinta a bishiyar na'urori, inda Linux ke neman waɗannan abubuwa daga wani masarrafi ta hanyar saƙo.