Hoto a Matsayin Madogarar Tarihi: Garin Gombe Daga Zamanin Fim Zuwa na Dijital

1.0 Gabatarwa

Manazarta tarihin Arewacin Nijeriya sun saba dogara a kan rubutattun takardu da kuma tarihin baka. Sai dai akwai madogara ta uku wadda ba a ba ta haƙƙinta ba, wato hoto. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun hoto a ƙasar Gombe tun daga shigowarsa, sannan ta nuna haɗarin da ke fuskantar abin da ya rage a hannun jama'a.

Gombe ta dace da irin wannan nazari. Birane kamar Kano da Katsina sun shafe ɗaruruwan shekaru kafin a san kyamara, amma Gombe ta yau kyamara ta girme ta. An bayyana fasahar ɗaukar hoto a Faransa a 1839, George Eastman kuma ya fito da kyamarar Kodak a 1888. Fadar masarautar da Buba Yero ya kafa kuwa ta tashi daga Gombe Abba zuwa Nafada a 1913, ba ta zauna a Doma ba sai a 1919. Ke nan rayuwar garin gaba ɗaya a zamanin hoto ta gudana.

2.0 Shigowar Hoto

Hoto ya fara shiga tarihin wannan ƙasa ne a hannun mayaƙa. A watan Yuli na 1903 sojojin Ingila suka ci Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada. Masana tarihi sun ruwaito cewa an ɗauki hoton kansa bayan an sare shi, aka yi ta nunawa a garuruwan Arewa domin a karya zuciyar magoya bayansa. Saboda haka, duk mai nazarin hotunan zamanin mulkin mallaka wajibi ne ya tambayi wanda ya riƙe kyamarar da kuma manufarsa.

3.0 Zamanin Fim

Sannu a hankali hoto ya zama kayan talakawa. Cinikin auduga da gyaɗa, da isowar jirgin ƙasa a 1963, sun jawo baƙi masu sana'o'i iri-iri. Kamar yadda yake a sauran garuruwan Arewa, da yawa daga masu hoto na farko 'yan Kudu ne, kafin yaran gida su koyi aikin. Buƙatar hoton fasfo domin makaranta da neman aiki da tafiya Hajji ita ce ta riƙe sana'ar, bukukuwan aure da hawan salla suka ƙara mata armashi.

Fim na milimita 35 hoto 24 ko 36 yake ɗauka, kuma ba a ganin sakamako sai an wanke shi a ɗakin duhu. Wannan ya sa ba a ɗaukar hoto da wasa. Mutum yakan yi wanka, ya sa babbar riga, ya tsaya kusa da sabon kekensa ko rediyonsa. A nan ne amfanin waɗannan hotuna yake ga manazarci, domin sun adana sutura da gine-gine da abin da jama'a ke alfahari da shi, waɗanda rahoton Di'o bai damu da su ba.

4.0 Zuwan Dijital

Steven Sasson na kamfanin Kodak ne ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, amma ba ta yaɗu ba sai ƙarshen ƙarnin. An ƙirƙiro Jihar Gombe ranar 1 ga Oktoba, 1996. Shekara ɗaya bayan haka Sony ya fitar da Mavica mai ajiye hoto a faifan filofi. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, daga bisani ta zo da kyamararta. Kasuwar fim ta durƙushe, har Kodak kansa ya bayyana karyewa a 2012.

Abin lura shi ne, shekarun da Gombe ta fi sauya kama bayan zamanta babban birnin jiha su ne shekarun da hotunansu suka fi rauni. Nagetif, ko ya tsufa, ana iya ɗaga shi a haske a ga abin da ke ciki. Faifan filofi ko na CD kuwa, in ya lalace ko aka rasa na'urar karanta shi, shi ke nan. Shi ma fim bai tsira ba: zafi da danshi suna ruɓar da shi, hoto mai kala kuma yana koɗewa.

5.0 Kammalawa

An ga yadda hoto ya tashi daga makamin mai mulki ya koma taskar talakawa. Wannan taska tana warwatse a akwatuna da albam a Jekadafari da Bolari da Herwagana da Pantami. Ya kamata Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere, tare da fadar Mai Martaba Sarki, su tattara waɗannan hotuna, su kwafe su, su kuma rubuta sunan wuri da shekara da na mai ɗauka tun dattawan da za su gane fuskokin suna raye. Hoton da babu mai iya faɗin ko na wane ne, rabin shaidarsa ta riga ta tafi.