Tarihin Zaman Kare Da Hausawa

Cikin dabbobin gida babu wanda Bahaushe ya raina kamar kare, babu kuma wanda ya ke yi masa aikin dare kamarsa. In mutum ya so ya ci mutuncin wani sai ya kira shi kare. In faɗa ya yi tsanani a ce an yi kare jini biri jini. Yaron da ke bin direba yana ɗaura kaya, shi ma karen mota a ke ce masa. Amma fa mutumin nan da ya yini yana zagi da sunan kare, in dare ya raba ya ji motsi a bayan danga, ba abin da ya ke saurare sai haushin karen maƙwabcinsa. Wannan ya sa na ga ya kamata a bi tarihin zaman nan namu da shi, a ga inda ya faro da inda ya kawo mu.

Masu binciken ƙasusuwan da sun tabbatar kare shi ne dabba ta fari da ɗan Adam ya fara ajiyewa, tun ba a san noma ba, tun ba a san kiwon shanu ko tumaki ba. Asalinsa kyarkeci ne irin na ƙasashen sanyi. A shekarar 1914 masu fasa dutse a wani wuri kusa da birnin Bon, a ƙasar Jamus, suka tono wani kabari, suka tarad da ƙasusuwan namiji da mace da na kare an binne su tare. Da aka auna daga baya aka ga kabarin ya kai shekara 14,000. A cikin hamadar Sahara kuwa, a duwatsun Tasili, har yanzu akwai zane na mutanen da, ga maharba da bakansu ga karnuka suna biye da su, tun lokacin da wurin ke da ciyawa da ruwa. Buzaye sun riƙe wani irin kare dogo siriri mai gudun tsiya, wanda Turawa ke kira da sunan kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali. Shi wannan ba a wulakanta shi, a cikin tanti ya ke kwana.

Labarin kare mafi tsufa da na sani a rubuce game da ƙasar Hausa yana cikin littafin tarihin sarakunan Kano. Littafin ya ce a zamanin Barbushe, kafin zuwan Bagauda, mutane su kan taru a gindin dutsen Dala don bautar Tsumburbura, wani ya zo da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru, a yanka. Ka ga tun a wancan zamani kare yana gidajen Kanawa, har ya kai a miƙa shi ga abin bauta. A ganina wannan na cikin abin da ya ƙara ɓata masa suna bayan da Wangarawa suka zo da Musulunci zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385. Dabbar da aka saba gani wurin tsafi, da wuya malami ya dube ta da idon rahama. Har gobe tsofaffi ba su son baƙin kare ya gitta musu da magariba.

To, amma in aka koma ga littattafan da malaman nan ke karantarwa, sai a ga shari'a ba ta tsananta wa kare kamar yadda mu ke tsananta masa ba. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san Suratul Kahfi, inda aka ba da labarin samarin da suka gudu da imaninsu cikin kogo, karensu na kwance a bakin ƙofa. A cikin Suratul Ma'ida an halatta cin naman da koyayyen kare ya kamo, in an ambaci sunan Allah wajen sakinsa. A cikin Muwaɗɗa akwai hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Mazhabar Maliku, wadda mu ke bi, ta ɗauki kare mai rai a kan mai tsarki ne. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki bin umurni ne, ba don an ce yawunsa najasa ba ne. Wannan magana na sha gaya wa mutane su yi mini musu, sai mun je gaban malami.

Abin da aka hana shi ne ajiye kare a gida haka kawai. Risala ta Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ta yarda da shi don tsaron gona, ko rakiyar dabbobi, ko farautar neman abinci. Masu sharhin littafin sun kawo wani labari mai ban dariya. Wai katangar gidan shi Ibn Abi Zaid ta faɗi, ya ji tsoro, ya ɗaure kare a gidan. Aka ce masa ai Maliku ya ƙi wannan. Ya amsa da cewa da Maliku ya ga irin zamaninsu, da zaki zai ɗaure. Game da ciniki kuwa, an karɓo daga Maliku hana cin kuɗin kare, amma Sahnun ya ce shi zai sayar da nasa ya tafi Hajji da kuɗin. Mutanenmu suka bi magana ta fari, shi ya sa a ƙauye in karya ta haihu roƙon kwikwiyo a ke yi, ba saye ba.

Wurin da kare ya sami daraja sosai a ƙasar nan shi ne farauta. In kaka ta wuce, an ɗauke amfanin gona, ciyawa ta bushe, sai a yi shela, mafarautan garuruwa su haɗu da gora da kulki da barandami, makaɗa na zuga su, kowa na jan karnukansa. Mafarauci ya kan san halin kowane karensa kamar yadda ya san 'ya'yansa: wanda ke da hanci, da wanda ke da gudu, da wanda ba ya ja da baya ko da gadu ne. Ya kan ɗaura masa laya a wuya, ya yi masa kirari, in an kama zomo ya jefa masa kayan ciki. Faɗan da a ke yi a dawa, har a fasa kai, galibi a kan wane kare ne ya fara cafke nama a ke yinsa. Daga nan aka sami karin maganar nan, karen bana shi ke maganin zomon bana. Fulani kuma suna da nasu a ruga, saboda kura da ɓarayin shanu. Shi kuwa karen cikin gari, wanda ba mafarauci ba makiyayi, rabonsa ƙanzo da ruwan wanke-wanke, in bai samu ba ya nufi juji ko mahauta.

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903 sai mutanenmu suka ga wani sabon abu. Ga Bature, mai hukunta sarakuna, yana tafe kare na biye, in ya zauna karen ya ɗora kai bisa cinyarsa. Kuku na dafa wa kare nama, boyi na yi masa wanka da sabulu yana cire masa kaska. Waɗansu boyi-boyi sun bar aiki saboda wannan, don suna ganin ƙasƙanci ne. Su kuwa a ƙasarsu abin ya daɗe. Tun 1859 aka fara gasar nuna karnuka a Ingila, a 1899 kuma wani hafsan sojan Jamus, Fon Istefanis, ya kafa ƙungiyar kiwon irin karen nan babba mai tsayayyun kunnuwa da 'yan sanda ke aiki da shi, wanda yanzu attajiranmu ke saye da tsada su ɗaure a ƙofar gida.

Turawan ne kuma suka kawo dokar lasin kare. Mai kare ya biya kuɗi, a rubuta sunansa a rajista, a ba shi 'yar lamba ta ƙarfe ya rataya wa karen a wuya. Wanda aka samu yana yawo ba lamba, a kama a kashe. Talakawa suka ɗauka wani sabon haraji ne aka ƙaƙaba musu bayan na kai da jangali, da yawa suka riƙa cewa karen ba nasu ba ne, biyo yara ya yi. Ni da aikina ya ke rubutun rajista, na san irin amsar nan sarai. Amma dalilin dokar ba kuɗi ba ne, haukan kare ne.

Wannan ciwo shi ne babbar musiba cikin zamanmu da kare. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu, ta shiga jiki ta wurin cizo, ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Ya kan ɗauki wata biyu ko uku, raunin ya warke, kowa ya manta. Sa'an nan zazzaɓi ya zo, mutum ya kasa haɗiyar ruwa, in ya ga ƙwarya ma sai maƙogwaronsa ya shaƙe. In an kai nan, sai dai a yi ta addu'a. Maganinmu na gargajiya shi ne a tsige gashin karen a ƙona a shafa a raunin. Waɗanda suka tsira bayan haka, ko dai karen ba mahaukaci ba ne, ko cutar ba ta shiga ba, amma sai a ce magani ya ci.

Wanda ya fara gano mafita wani masani ne na Faransa, Luwi Fasto. Ya riƙa sa wa zomaye cutar, ya ciro lakarsu ya busar, har ƙarfin ƙwayar ya ragu. Ran 6 ga Yuli 1885 aka kawo masa wani yaro ɗan shekara 9, Yusufu Maista, wanda mahaukacin kare ya yayyaga. Fasto ba likitan mutane ba ne, ya san in yaron ya mutu a hannunsa zai shiga uku, amma ya yarda aka yi masa allura 13, yaron ya rayu har ya tsufa. Ingila kuwa ta bi ta kan karnukan ne. Aka tilasta sa musu takunkumi, aka kashe marasa iyayengiji, aka tsare duk karen da ya shigo ƙasar wata 6, har cutar ta ƙare a can a 1922. A nan Nijeriya an kafa ma'aikatar binciken ciwon dabbobi a Vom, kusa da Jos, a 1924, da fari saboda bushiya mai kashe shanu, daga baya ta shiga yin allurar rigakafin karnuka. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa da wannan ciwo kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, yara kuwa su ne suka fi shan cizo. Likitoci sun ce in aka yi wa kare 70 cikin 100 allura a gari, cutar ba ta iya yaɗuwa. Ƙasar Meziko ta bi wannan hanya, a 2019 aka shaida ta rabu da haukan da a ke ɗauka daga kare.

Ni kaina na ajiye kare shekara bakwai, bayan ɓarayi sun haura mini sau biyu sun kwashe awaki. Wani mafarauci ya ba ni shi yana kwikwiyo, idonsa bai daɗe da buɗewa ba, yara suka sa masa suna Duna don baƙinsa. Uwargida ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba. Ta ware masa kaskonsa, ta ce in ya kusanci randa ni da shi za mu bar gidan. Wahalarsa ba kaɗan ba ce. Da damina kaska ta cika masa kunnuwa, ƙudaje su ci gefensu har su yi jini, sai na shafa masa man kaɗanya. Ya taɓa cinye 'yan tsakin maƙwabciyata guda huɗu, na biya, na kuma ba da haƙuri gaban mai unguwa. In masu sayen karnuka sun shigo gari, waɗanda ke kai su kasuwar Dawaki a Jihar Filato, sai in ɗaure shi a zaure, don karnukan mutane kan ɓace a irin ranakun nan. Amma tun da ya girma ba a sake taɓa mini ko igiyar akuya ba, uwargidan nan kuwa ita ce ta koma ajiye masa ƙashi.

A shekararsa ta bakwai wani baƙon kare ya shigo unguwa da rana tsaka, yana dalalar da yawu, yana cizon duk abin da ya tarar. Ya kama ɗan maƙwabcina a ƙafa, yaro ɗan shekara shida. Duna ya fita ya tare shi, suka yi ta kokawa har samari suka zo da sanduna suka kashe baƙon. Na sa aka wanke ƙafar yaron da sabulu da ruwa mai yawa kamar minti 15, yadda likitoci suka ce, na matsa wa ubansa muka kai shi asibiti a ran nan. Kakarsa ta so a tsaya a ƙona gashi, muka bar ta ta ƙona, mu dai muka tafi. Aka yi masa allurai, yau shi ke kai kayan ubansa kasuwa.

Duna kuwa an cije shi a wuya da kafaɗa, ga shi shekara biyu ina cewa gobe zan kai shi allura ban kai ba. Malamin dabbobi ya duba ya ce ba yadda za a yi a bar shi cikin yara. Na riƙe igiyar har aka gama, muka haƙa rami a bayan gari muka binne shi da zurfi, don kada wani kare ya tono. Da na komo gida na tarar uwargida ta wanke kaskonsa ta kife a gindin rumbu, yana nan har yanzu.