Daga Ɗakin Asibiti Zuwa Zauren Lacca

A shekarar 1962, Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka ta ba wani matashi, Ed Roberts, gurbin karatu, sai daga baya hukumomin makarantar suka rasa inda za su ajiye shi. Cutar shan inna ta kama shi yana ɗan shekara 14, ta shanye masa jiki daga wuya zuwa ƙasa. Da dare a cikin wata ƙatuwar na'urar ƙarfe mai taimaka wa numfashi yake kwana, kuma babu ɗakin kwanan ɗalibai da zai ɗauke ta. Aka ba shi ɗaki a asibitin jami'ar, Cowell.

Da labari ya bazu, wasu masu keken guragu suka biyo sahu. Suka haɗa ƙungiya mai suna Rolling Quads, suka matsa lamba har aka fara fasa bakin titi don keke ya hau. A 1970 suka buɗe ofishin tallafa wa ɗalibai nakasassu, su da kansu ke tafiyar da shi: gyaran keke, neman masauki, samo mataimaki. Hukumar jihar da ta taɓa hana Roberts tallafi, wai ba zai iya aiki ba, shi aka naɗa ya shugabance ta daga baya.

Doka ta zo a 1973. Sashenta na 504 ya haramta wa duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna wa nakasasshe bambanci. Amma gwamnati ta yi ta jan ƙafa, har sai da wata mai fafutukar haƙƙin nakasassu, Judy Heumann, da abokan gwagwarmayarta suka yi zaman dirshan na kusan wata guda a wani ofishin gwamnati a San Francisco a 1977, sannan aka sa hannu kan ƙa'idojin aiwatarwa. Daga nan ya zama wajibi jami'a ta samar wa kurma tafintan maganar hannu, makaho kuma mai karanta masa littafi ko kaset.

Sai dai wannan tsari yakan jira ɗalibi ya kai kuka tukuna. Shi ya sa a shekarun 1990 masu bincike na cibiyar CAST a Massachusetts suka kawo shawarar malami ya tsara darasi tun farko da kowa a zuciya: rubutu a ƙasan bidiyo, takardun lacca da kwamfuta za ta iya karantawa da murya, da damar amsa jarrabawa da baki ko a rubuce.