Sakkwato: Yadda hukumomi kan sanar da jama'a a lokacin tashin hankali

Idan annoba ko rikici ya afku, hukuma kan fuskanci aiki biyu a lokaci guda: shawo kan lamarin, da kuma gaya wa jama'a abin da ya faru kafin jita-jita ta riga ta. Tarihin birnin Sakkwato na ɗauke da misalai biyu da ke nuna muhimmancin aiki na biyun.

Sanarwa biyu a 1988

Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya rasu ranar 1 ga watan Nuwamban 1988, bayan shekaru 50 a kan gadon mulki. Ranar 3 ga wata labari ya bazu cewa masu zaɓen sarki sun tsayar da ɗansa, Alhaji Muhammadu Maccido, jama'a kuma suka shiga murna.

To amma ranar 6 ga watan, gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta bayyana Alhaji Ibrahim Dasuƙi a matsayin sabon Sarkin Musulmi. Tarzoma ta ɓarke, aka kwashe kwanaki biyar ana yi, mutane kimanin 10 suka rasa rayukansu.

Takaddamar sarauta ce tushen rikicin, amma saɓanin maganar farko da ta biyu ya ƙara rura wutar, domin abin da kunne ya fara ji shi ne yake zama a zuciya.

Haɗarin jirgin ADC a 2006

Ranar Lahadi 29 ga watan Oktoban 2006, jirgin kamfanin ADC ƙirar Boeing 737 ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja zuwa Sakkwato. Mutane 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Maccido, da ɗansa Sanata Badamasi Maccido, da mataimakin gwamnan jihar, Alhaji Garba Muhammad.

A wannan karon gwamnatin jihar ta tabbatar da rasuwar tun a ranar, aka yi jana'izar Sarkin a Hubbare, kana ranar 2 ga watan Nuwamba gwamnatin Attahiru Bafarawa ta bayyana Muhammad Sa'ad Abubakar a matsayin magajinsa. Magana ɗaya aka yi, garin kuma ya zauna lafiya.

A Abuja kuwa, ministan sufurin jiragen sama, Farfesa Babalola Borishade, ya ɗora laifi a kan matuƙin jirgin tun ba a kammala bincike ba, abin da ya jawo masa suka. Cikin 'yan kwanaki aka sauya masa ma'aikata. Ko da yake binciken ƙarshe ya ambaci tashi cikin mummunan yanayi a cikin musabbaban haɗarin, yanke hukunci aikin masu bincike ne.

Ƙa'idojin aikin

Abubuwan da aka fi kiyayewa su ne: a naɗa kakaki ɗaya, ya faɗi abin da aka tabbatar kawai, ya kuma sanya lokacin da zai dawo da ƙarin bayani. A sanar da iyalai kafin a karanta sunayen mamata. Kada a rufe wa 'yan jarida ƙofa, domin za su nemi labarin daga wani bakin.

Harshe ma na da nasa matsayi. Takardar sanarwa da Turanci ba ta isa ga mazauna unguwanni irin su Runjin Sambo kamar yadda sanarwar Hausa a gidan Rediyon Rima, ko ta bakin limamai da masu unguwanni, ke isa.

Zuwan wayar salula a 2001, daga baya kuma Facebook da WhatsApp, ya rage lokacin da hukuma ke da shi daga sa'o'i zuwa mintoci.