Farar Wuta: Tarihin Kalma Guda Mai Rubutu Biyu

Yau na ɗan jingine labarin da muke bi, domin in amsa tambayar da ɗalibanmu na Zuru masu shirin jarrabawar WAEC suke yawan yi mini: shin sulphur ne daidai, ko sulfur?

Kafin mu je ga rubutun, mu fara sanin abin. Ba komai ba ne illa farar wuta, wannan ma'adini mai launin rawaya da 'yan koli ke kasawa a kasuwa, wanda iyayenmu mata ke niƙawa su kwaɓa da man kaɗe don maganin ƙazuwa. Maharban ƙasar Zuru ma sun san ta, domin da ita ake haɗa albarushin bindigar gargajiya, inda takan kai kashi 10 cikin 100. A ajin kimiyya kuwa alamarta S, lambarta 16.

To, ina asalin saɓanin? Turanci ya aro kalmar daga Latin, inda aka rubuta ta sulpur, da sulphur, da sulfur. Haruffan ph galibi ana ajiye su ne don kalmomin da suka fito daga Girkanci, alhali wannan ba ta Girkawa ba ce, su theion suke cewa. Ke nan an ɗinka mata rigar da ba tata ba. Ingila ta riƙe ph, ta kawo mana shi tare da karatun boko, shi ya sa littattafan makarantunmu suka cika da sulphur. Amurka kuwa ta zaɓi f.

A 1990 ƙungiyar masana sinadarai ta duniya, IUPAC, ta tsayar da sulfur a matsayin rubutun kimiyya. A 1992 ƙungiyar masanan Birtaniya ita ma ta bi sahu. Saboda haka, ɗalibi, kada gabanka ya faɗi: duka biyun Turanci ne ingantacce, lafazinsu ɗaya, ma'anarsu ɗaya. Shawarata ita ce ka bi na littafin da ake koyar da kai, ka tsaya a kansa daga farkon takarda har ƙarshe.

Abin da ya fi damuna shi ne yaron da zai rubuta kalmar daidai, amma in ka aike shi sayen farar wuta bai san ita ce ba. Hausa na da wani sunan ma, kibiritu, daga Larabcin kibrit, kamar yadda albarushi ya fito daga al-barud. Wato tun kafin zuwan Turawa kakanninmu ke ciniki da ita. Malamin kimiyya da ya ambaci waɗannan sunaye a aji ya rage wa ɗalibansa rabin wahalar hadda.

Mu kwana nan, sai mako mai zuwa.